Ruwan bohol garai-garai yake, amma wa ya taɓa auna abin da ke cikinsa?

A yawancin ƙauyukanmu da an ce an haƙa bohol to shikenan, maganar ruwa ta ƙare a wajen mutane. A yi bikin buɗewa, mai gari ya sha, a tafa, a ɗauki hoto, ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa ya kama gabansa. Kuma wallahi murnar tana kan hanya, duk wanda ya taso yana shan ruwan kududdufi tare da shanu shi ya san darajar famfon tuƙa-tuƙa, kurkunun da ta gallabi iyayenmu ma ai bohol da tace ruwa suna cikin abin da ya kore ta, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da ita. Amma akwai tambaya ɗaya da ba a cika yi ba ranar bikin nan, wato wannan ruwan da ya fito me da me ya narke a cikinsa. Mu da ido da harshe muke yanke wa ruwa hukunci, in ya fito fari tas babu wari babu ɗanɗano sai mu ce mai kyau ne, alhali yawancin abubuwan da ido da harshe suke kamawa ba su ne masu illa sosai ba, masu nakasa yaro kuwa ba su da launi ba su da wari ba su da ɗanɗano. Wannan shi ne abin da yake damuna a maganar.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa jiƙo ne. Yadda in ka jiƙa tsamiya ko kanwa a kwano ruwan yake ɗaukar abin da ka zuba, kuma in ya kwana ya fi ɗauka, haka ruwan sama yake yi in ya nitse ya zauna cikin yashi ko yumɓu ko tsagar dutse, yana narkar da abin da ya tarar a hankali a hankali. Don haka abu biyu ke yanke halin ruwan rijiya, irin ƙasar da ya zauna a ciki da kuma daɗewar da ya yi. Sai na uku wanda mu muke ƙarawa daga sama, taki da masai da kashin dabbobi da maganin feshi.

Kuma ƙasar tamu ba iri ɗaya ba ce. Yawancin Kano da Kaduna da Bauci da kudancin Katsina da gabashin Zamfara a kan tsohon dutse suke zaune, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne da kuma tsagogin da ke ƙasansa, shi ya sa za ka ga an haƙa nan an samu, an matsa kaɗan an haƙa an tashi a tutar babu, kuma bohol biyu a gari ɗaya ruwansu ya sha bamban. In ka yi gabas ta Haɗeja da Yobe da Barno ka shiga kwarin Tafkin Cadi, can yashi ne da laka hawa-hawa, a wajen Maiduguri ruwan hawa uku ne, na can ƙasa ya wuce mita 500 kuma ya yi dubban shekaru a kwance. In ka yi yamma kuma Sakkwato da Kabi da ya haɗe da Tawa da Dosso da Maraɗi wani kwarin ne daban, akwai shimfiɗar farar ƙasa ta Kalambaina wadda da ita ake yin siminti a Sakkwato, akwai wuraren da jifsam yake, akwai yashin Gwandu mai ruwa da yawa. Kowace shimfiɗa da irin abin da take zuba wa ruwa.

Bari mu fara da waɗanda ake gani. Ƙarfe shi ne kan gaba. Ruwan da ya yi zurfi iskar oksijin ba ta kai masa, a wannan halin ƙarfe narkewa yake yi ya ɓace a ciki, sai ka buga famfo ya fito fari ƙal, ka ajiye a bokiti ka je ka dawo ka tarar ya koma ja-ja da wani ɗan maiƙo a sama, saboda ya haɗu da iska ƙarfen ya yi tsatsa. Matan gari su suka fi sanin wannan, farar shadda an wanke ta ta fito da dabbare-dabbaren ja, shayi ya yi baƙi, ƙasan randa ya yi jan laka, simintin da ke gindin famfon ma ya rine. Wani lokacin ma ƙarfen ba daga ƙasa yake ba, daga bututun famfon ne, in ruwan yana da ɗan tsami ya dinga cin bututun ƙarfe, alamarsa ita ce bugun farko da asuba ya fi ja sannan ya dinga washewa, maganin wannan kuwa a canja bututun a sa na roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa miligiram 0.3 a lita, amma akasari don launi da ɗanɗano ne, a yawan da aka saba samu ƙarfe ba ya kwantar da mutum. Illarsa ta bayan gida ce, mata su ƙyamaci famfon su koma rijiyar da ba ta da murfi ko tabki, daga nan sai gudawa da taifot da kwalara su samu ƙofa. Kaga an bar ruwan da muninsa a ido ne kawai an koma wanda yake kisa.

Haka ruwa mai nauyi, wanda kalsiyam da maganiziyam suka yi masa yawa, irin na wuraren farar ƙasa. Sabulu ba ya kumfa, wake ya ƙi nuna da wuri, cikin buta ya yi farin ɓawo. Yana cinye sabulu yana cinye itace amma ba guba ba ne. Sai zartsi, wanda ya fi yawa inda ruwa yake kusa da sama rana tana zuƙe shi tana barin gishirin, kamar ƙasar Manga da bakin Tafkin Cadi inda ake samun kanwa, ko Dallol Boso da Dallol Foga a Nijar. Wannan harshe yana faɗa maka tun kurɓar farko, ba ya yaudara.

Mai yaudarar shi ne fuloraid. Kaɗan ɗinsa yana da amfani ga haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki, amma in ya wuce miligiram 1.5 a lita, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kuma ita Najeriya ta ɗauka, sai ya juya ya zama cuta. Daga dutse yake fitowa musamman dangin giranayit, kuma ya fi taruwa a ruwan da ya daɗe a ƙasa, mai ɗumi, mai sodiyam da yawa da kalsiyam kaɗan. A nan wani abu yake da ya kamata a lura da shi sosai, kalsiyam kama fuloraid yake yi ya hana shi yawa a ruwa, saboda haka wancan ruwa mai nauyi da ake ƙorafi a kansa sau da yawa shi ne mai ƙarancin fuloraid, shi kuma ruwa mai laushi mai santsi a jiki wanda sabulu ke tashi a cikinsa kowa yana yabo, a irin waɗannan wuraren shi ne abin tsoro. Ba wai duk ruwa mai laushi yana da shi ba fa, a'a, amma laushin ba shaidar lafiya ba ne. Ga kuma zafin ƙasarmu, yaron da ke Maraɗi ko Nguru a watan Afrilu ruwan da yake ɗurawa cikinsa ya ninka na yaron ƙasar sanyi, to ko da ma'aunin ruwan ɗaya ne abin da ya shiga jikinsa ya fi yawa.

Alamar farko a haƙori take, kuma tana kama yaro ne lokacin da haƙoran dindindin suke ginuwa a cikin dasashi, daga haihuwa zuwa wajen shekara 8. Za ka ga yarinya ta yi famfara sabon haƙori ya fito da fari-fari kamar an shafa alli, in an jima ya koma ruwan ƙasa, wani har da ramuka, a yi ta mata faɗa wai ba ta yin asuwaki, a sa gawayi a dirje, ina, abin a cikin haƙorin yake ba a samansa ba, kuma har ta girma tana rufe baki da mayafi in za ta yi dariya. In ka shiga gari ka ga yaran da aka haifa a nan duk haƙoransu haka, amma iyayensu mata da aka auro daga wasu garuruwa nasu fari, to ruwan nan ake tuhuma. In yawan ya ƙara sama kuma aka daɗe ana sha sai ya shiga ƙashi.

Abin da ya faru a Tibirin Gobir kusa da Maraɗi kenan, kuma duk mai maganar ruwa a ƙasar Hausa ya kamata ya san labarin nan. A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da ruwan famfo daga wata rijiya mai zurfi, ci gaba ne, kowa ya yi murna. Aka yi ta sha har wajen shekara ta 2000, sai ga yara suna tasowa ƙafafu sun gwame ko sun lanƙwashe, wasu kai ya yi girma, ciwon gaɓoɓi, haƙora sun lalace, aka yi ta neman dalili, da aka auna ruwan sai aka tarar fuloraid ɗinsa ya haura ninki uku na iyaka. Ɗaruruwan yara suka nakasa, dubbai abin ya taɓa su, har ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka fitar da rahoto a kai a 2002. Abin da ya fi min ciwo a labarin shi ne awon fuloraid ba wani aiki ne mai wuya ko tsada ba, kuma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe canja ruwa ba lallai ya miƙar da shi ba. Kuma ba Tibiri kaɗai ba ce, an san matsalar a Langtang ta jihar Filato, da Kaltungo da Billiri a Gombe, da Zing a Taraba, da Bongo a arewacin Gana, da yankin Mayo Tsanaga a arewacin Kamaru, duk wuraren da 'yan uwanmu suke zaune ko suke zuwa ci-rani.

Na biyu a masu ɓuya shi ne naitiret, kuma shi ne ya fi alaƙa da noma kai tsaye. In ka watsa yuriya ko kamfa a gona ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna juya shi ya koma naitiret, wanda shi shuka take sha, to amma naitiret ƙasa ba ta riƙe shi, duk abin da saiwa ba ta kama ba ruwa na gaba zai wanke shi ya yi ƙasa da shi, balle a jigawa mai yashi. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Babba ba ya jin komai nan take, jariri ɗan ƙasa da wata 6 shi ne a haɗari, domin a cikinsa naitiret yana rikiɗa ya ɓata jini ya kasa ɗaukar oksijin, sai leɓe da harshe da farce su yi duhu-duhu, numfashi ya yi wuya, kuma in yaron yana gudawa abin ya fi tsanani. Jaririn da yake kan nonon uwa zalla ya tsira daga wannan, wanda ake dama wa madarar gwangwani ko koko da ruwan rijiya ko ake ɗura masa ruwa tun yana ɗanyen goyo shi ne abin ji.

Amma a nan sai an yi adalci, don na sha jin ana ɗora wa takin zamani komai. Manomin gero da dawa na damina nawa ma yake iya saye? Lokacin taron Abuja kan taki a 2006 matsakaicin abin da ake zubawa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kilo 8 ne a hekta, aka sa burin a kai 50, ga tsadar buhu yanzu kuwa kowa ya sani. Inda taki yake zama matsala shi ne wuraren noman rani da ake zuba shi da yawa a kuma bi shi da ruwa, kamar Kadawa da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, ko Bakolori a Talatar Mafara, ko Goronyo, da fadamun da aka cika da ƙananan tubwel tun zuwan shirin Fadama a farkon shekarun 1990. A fadama ruwa yana nan kusa, 'yan mitoci kaɗan, kuma mai lambu in ƙishi ya kama shi bakin tiyon injin yake kafa kai, ya kuma cika jarka ya kai gida, wato yana shan ruwan da ke ƙarƙashin albasar da ya zuba wa yuriya satin da ya wuce. A cikin gari kuwa babban mai laifi masai ne da turken dabbobi da juji. Gida ya ƙaru an raba gado, fili ya matse, sai ka ga masan maƙwabci da rijiyarka katanga ce kawai a tsakani, alhali abin da ake ba da shawara aƙalla mita 30 ne kuma rijiya ta kasance ta sama da gangare. Irin wannan rijiyar in an samu naitiret da yawa a cikinta to kusan kullum da ƙwayoyin cuta a tare.

Akwai ma wata hanyar da ba a zata ba. A gabas da Yamai masu bincike sun tarar ruwan ƙasa ya ɗago sama da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007 duk da farin da aka sha, dalili kuwa sare daji da aka yi aka mai da shi gonaki, ruwan sama ya dinga gudu yana taruwa a tafkuna yana nitsewa, kuma ya tafi da naitiret ɗin da ke cikin ƙasar dajin tun asali. Kaga nan babu buhun taki ko ɗaya amma noma ya canja ruwan.

Ita ma gonar tana ɗanɗana kuɗarta in ruwan ban-ruwa yana da gishiri ko kuma ana tara ruwa babu magudana, rana ta zuƙe ruwan ta bar farin gishiri a saman kunya, sodiyam ya kashe ƙasa ta daskare ta ƙi shan ruwa, albasa da ba ta jure gishiri ita ce ke fara nunawa, alkama ta ɗan fi haƙuri. Manomi ya ga shuka ta yi rawaya ya ɗauka yunwa ce ya ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa.

Maganin feshi kuma kowanne da halinsa, wani yumɓu yana riƙe shi, wani kamar atarazin da ake fesa wa masara yana bin ruwa ya sauka, saboda haka ma Tarayyar Turai ta hana amfani da shi. Amma a wajenmu hanyar da ta fi kusa ita ce ta hannu, a haɗa magani a bakin rijiya, a wanke injin feshi a nan, guga ɗaya, sannan a ɗauraye galan ɗin maganin a mai da shi na ruwan sha. Dan Allah wannan kam a daina. Dalma ma haka ta shiga a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma inda yara sama da 400 suka rasu, asalin gubar ƙurar dutsen zinaren da ake daka a cikin gida ce, rijiyoyin da aka samu da dalma kuma ta baki ta faɗa musu, ƙura da wankin ƙasa, ba daga ƙarƙashi ta taso ba. Murfi da ɗagaggen baki na siminti ba ado ba ne.

To in an haɗa duka sai ka ga rijiya gajeriya matsalarta daga sama take zuwa, mai zurfi kuma daga dutse, don haka cewa a ƙara zurfi kawai ba amsa ba ce, wani lokacin gudun naitiret ne zai kai ka ga fuloraid. Kuma dabarun da muka saba da su ba sa aiki a nan. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta amma fuloraid da naitiret da dalma suna nan, ƙaruwa ma suke ɗan yi tunda ruwan ne ke tafiya a tururi. Kulorin da ake zubawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta shi ma haka. Alif ɗin da ake jefawa a randa laka yake kwantarwa, ba ya taɓa naitiret. 'Yar ƙaramar na'urar nan da masu sayar da matatar ruwa suke tsomawa a kofi lamba ta fito, jimillar gishirin da ya narke kawai take nunawa, tana da amfani ga mai lambu amma ba ta san fuloraid ko dalma ko ƙwayar cuta ba.

Abin da ya rage shi ne awo na gaskiya a ɗakin gwaji, kuma ba wai babu inda za a yi ba, Najeriya tana da ƙa'idar ruwan sha tun 2007 aka sabunta ta a 2015, jihohi suna da hukumomin samar da ruwa da tsafta a karkara da ake kira RUWASSA, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando Kaduna, jami'o'inmu suna da sassan kimiyyar ƙasa da na sinadarai da ɗalibai masu neman abin bincike. Kuɗin awon in ka gwada shi da miliyoyin da ake kashewa a bohol mai sola ba komai ba ne. Ni a ganina duk wanda zai ba da aikin bohol, gwamnati ce ko ɗan majalisa ko ƙungiya ko mai neman lada da ya yi sadaka, kada ya biya cikon kuɗi sai an kawo takardar awo mai ɗauke da fuloraid da naitiret da ƙarfe da gishiri da ƙwayoyin cuta, da dalma in yankin haƙar ma'adinai ne, kuma a ba kwamitin ruwa na gari kwafi su ajiye, a karanta musu da Hausa. Sannan awo ɗaya bai isa ba, a yi a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya ja baya gishiri ya taru, a sake bayan ruwan farko ya wanko dattin sama, domin yanzu da sola take jan ruwa tun safe har yamma rijiya tana iya fara zuƙo ruwan wata shimfiɗar daban da wadda aka auna da farko.

Kuma in awo ya nuna matsala ba lallai a rufe rijiyar ba. A Bangaladash da aka gano wata guba mai suna asenik a rijiyoyinsu a shekarun 1990 bayan an haƙa miliyoyi, abin da suka fara yi shi ne auna su ɗaya bayan ɗaya, mai kyau a shafa wa bakin famfon koren fenti mara kyau a shafa ja. Mu ma gari ɗaya sau da yawa yana da rijiya uku ko huɗu masu hali daban-daban, mai fuloraid ta yi wanki da wanka da gini, mai kyau a keɓe ta don sha da girki musamman na yara da masu ciki da masu goyo, ko a gauraya biyun a tanki ɗaya ma'aunin ya sauko. Ƙarfe ana rage shi da barin ruwa ya sha iska a tace da yashi. Fuloraid ana kama shi da gawayin ƙashin shanu kamar yadda ake yi a Kenya da Tanzaniya da Habasha, sai dai yana son kulawa da canji a kan lokaci, ga kuma tarar ruwan sama daga rufin kwano da damina don shan yara. Naitiret ne mai taurin kai, cire shi a ƙauye yana da wuya, gara a matsar da masai da turke, a raba zuba yuriya kashi biyu ko uku maimakon a juye lokaci ɗaya a bi da ruwa, wanda hakan ma ya fi wa manomi riba tunda takin a gona zai tsaya, kafin nan kuma ruwan da za a dama wa jariri abinci a ɗebo shi daga wata rijiyar da aka auna.